Ranar da Na Fitar da Kaina Daga Fili

Shekarun baya can, lokacin ina zaune a Guangzhou ta ƙasar China ina loda wandunan jins daga Xintang zuwa Kano, muna da wata ƙungiyar ƙwallo ta 'yan kasuwa. Yawancinmu Kanawa ne, sai 'yan zangon Gana da 'yan Nijar kaɗan. Duk Lahadi bayan la'asar muke haɗuwa a wani filin haya. Ni ne lamba tara, ba don na iya ba. Ni ne babba a cikinsu, ni na ɗinko mana riguna, kuma a wurinmu ba a cire babba daga fili sai in shi ya ga dama. Ni kuwa ban taɓa ganin dama ba. Tumbina na gaba ina biye, in ƙare wasa ina nuna wa samari inda za su ajiye min ƙwallo. Kusan kowane mako sai an lallasa mu.

Akwai wani dattijon Bature da yake zuwa ya zauna a benci yana kallonmu, wani lokaci har ya dafe kai. Rannan abokina, wani ɗan Gana mai aikin tura kwantena ta tashar jiragen ruwa ta Nansha, ya je ya gaishe shi. Ashe mutumin Ireland ne, kuma koci ne. Ya ce ya fara ne a matsayin ɗan wasa a ƙaramin garinsu, gwiwa ta lalace yana saurayi, sai ya koma horarwa. Ya riƙe ƙananan ƙungiyoyi iri-iri a ƙasarsu, wasu ya ceto su daga faɗuwa, wasu suka kore shi. Sau uku yana kaiwa wasan ƙarshe, bai taɓa ɗaga kofi ba. Da girma ya zo sai ya karɓi aikin koyar da ƙwallo a wata makaranta a China. Abokina ya ce masa, “Baba, ka taimaka mana don Allah, mun gaji da shan kashi.” Ya yi dariya ya amince. Tun daga ranar muke ce masa Baba Koci.

Wasan farko da ya jagoranta, ba a yi rabin awa ba na ji ya kira lambata. Wai in fito, wani saurayi ɗan Nijar ya shiga. Shi kansa saurayin ya ja da baya yana cewa, “Ni in shiga wurin Alhaji? Wallahi ba da ni ba.” Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fito ban kalli kowa ba, ana tashi na ce kowa ya tuɓe min rigata. Haka 'yan kasuwa masu mutunci suka hau jirgin ƙasa da singileti, ni kuma na tafi gida da buhun riguna masu warin gumi. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Kwana biyu bayan haka abokina ya kawo Baba Koci shagona. Ya riga ya yi masa bayanin yadda muke. Dattijon ya cire hularsa, ya zauna, na sa aka kawo shayi. Ya ce a ƙasarsu kocin da ba zai iya canza ɗan wasa ba, ba koci ba ne, amma bai san ya ci min fuska ba. Sannan ya ce, “Na yi maka alkawari, Alhaji, ba zan sake kiran lambarka ba. Ranar da ka ga ya dace, kai za ka fitar da kanka.” Na ce na yarda, a zuciyata ina cewa to sai ka jira.

Mutumin nan ya iya aikinsa. Ya koya wa masu tsaron baya su daina bin ƙwallo gaba ɗaya kamar awaki sun ga dusa. Ya hana mu cika ciki da shinkafa kafin wasa. In wani ya ce gobe inshallah zai zo atisaye, sai ya ce, “Inshallah na gaske, ko na kasuwa?” Muka fara cin wasa, da ni a fili, wato kamar mutum goma ne ke bugawa. Da aka shirya gasar kofi tsakanin ƙungiyoyin 'yan kasuwar Afirka na garin, sai ga mu a wasan ƙarshe. A makon ne ya gaya mana aikinsa na makaranta ya ƙare, zai koma gida ya huta. Wannan shi ne wasansa na ƙarshe a matsayin koci.

Ranar wasan ana kunnen doki, ɗaya da ɗaya, lokaci ya ja. Aka miƙo min ƙwallo ni da raga, gola ma ya faɗi. Na ɗaga ƙafa na aika ta bayan katanga. Mutanenmu suka yi shiru, don ba mai iya yi wa Alhaji ihu. Na juya na kalli benci. Baba Koci yana tsaye, hannayensa cikin aljihu, yana kallon ƙasa. Kusa da shi ɗan Nijar ɗin nan yana zaune, ya ɗaure takalmi tun farkon wasa. A nan na gane dattijon ya gwammace ya koma gida ba kofi da ya saɓa alkawarin da ya yi min a shago.

Da farko na yi niyyar dafe cinya in ce tsoka ce ta riƙe. Sai na ga ƙaryar ba ta da amfani. Na ɗaga hannu na taka zuwa bakin layi da ƙafata lafiya lau. Saurayin ya rusuna zai gaishe ni, na ce, “Kai, ba lokacin gaisuwa ba ne. Shiga! In ba ka ci ba kada ka ƙara zuwa shagona shan shayi.” Baba Koci ya kama hannuna ya riƙe da ƙarfi.

Ana dab da tashi saurayin ya yanke mutum biyu ya zura ƙwallo a raga. Ban san lokacin da na ruga cikin fili ba, gudun da ban taɓa yi ba ina lamba tara. Muka ɗaga Baba Koci sama yana ihu mu sauke shi saboda gwiwarsa. Kofin kuwa irin na kasuwa ne, marar nauyi, amma da aka miƙa masa sai ya rungume shi yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ni ma na yi hawaye, kuma ban ɓoye ba.

Yanzu na dawo Kano, ƙwallo sai a talabijin. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, girmamawar da mutane ke yi maka tana iya hana su gaya maka gaskiya, kai kuma ka ɗauka shirunsu yabo ne. Baturen nan bai sake ce min uffan kan fita daga fili ba, amma da shirunsa ya koya min abin da faɗa bai koya min ba. In ana hirar ƙwallo a majalisa nakan ce ni ma na taɓa cin kofi a China. In aka tambaye ni wace rawa na taka, sai in ce fita na yi, kuma ban taɓa yi wa ƙungiyar nan aikin da ya kai wannan ba.