Karsanar da Baƙin Allo Ya Ƙi Karɓa

Aji uku na sakandare na tsaya, kuma ban ga wanda ya taɓa bari na manta ba. Shekara ashirin ina buga wa mutane takardu a wani shago a Talata Mafara, har ƙanwar matata, wadda na taɓa saya wa fensir, ta gama jami'a ta haɗa wa ƙungiyar dillalan shanu tsarin rajista. Duk dabbar da aka kawo kara sai a shigar da kamanninta da garin da ta fito, a ba mai ita lamba. Dabbar da ba ta da lamba, a ƙasarmu kowa ya san abin da ake zarginta da shi.

Manhajar waya ba ta kammalu ba, sai ta ce in gwada mata tsarin ta baƙin allon nan da babu hoto, sai rubutu. Akwai wani umarni, curl, mu kal muke cewa. Ka rubuta shi, ka sa adireshin uwar na'ura, ka buɗe ɗan waƙafin sama, ka zuba bayanin saniya, ka rufe da wani waƙafin. In ta karɓa ta amsa 201. In ka yi shirme, 400. In ita ta yi shirme, 500, wanda ƙanwar matar tawa ta ce ba ya faruwa.

Ran Talata shugabannin ƙungiya suka zauna bayana, wai in gwajin ya yi kyau aikin rajistar nawa ne. Bijimin Janbako ya wuce. Shanun Tsibiri biyu suka wuce. Sai wani dattijon dillali daga Damaga ya matso, muka yi gaisuwa har gajiya ta gaji, ya ce a sa mishi karsanarsa ja. Ganin manya na kallo, na gyara zama na rubuta Hausar littafi: 'yar karsana ja. Na danna.

Shiru. Ba 201, ba 400. Wata 'yar alama kawai tana ƙifta min ido.

"Mi ta ce?" in ji dattijon.

"Tana tunani, Alhaji."

"Tunanin mi? Bijimin wancan ba ta yi tunani ba!"

Wani daga baya ya yi tari irin na munafukai. Dattijon ya miƙe, hula ta karkace. "Gidana anka haife ta! Uwarta na nan, ku tai ku tambaye ta!"

Na kira ƙanwar matata. Ta ce, "Mijin yaya, me ka ɓata kuma?" Na ce tsarinki ya mutu. Ta ce in ƙara harafin v don kal ya nuna duk abin da ke fita da shigowa. Na sake bugawa da shi. Ko ɗigo. Ta duba wajenta ta ce saƙona bai ma bar shagon ba, in karanto mata abin da na rubuta.

Na karanta: "Ɗiyar karsana ja."

"Babu laifi a nan. Karanta harafi harafi."

"Waƙafi, ya, a, ra..."

Dariyar da ta yi har dattijon ya ji. Ashe hannuna ya rubuta Kananci, bakina ya karanta Zamfarci. Waƙafin da ke gaban 'yar shi ya rufe maganar tun ba a fara ba, na ƙarshen kuma ya buɗe sabuwa, allon yana jiran in rufe ta. Da zai jira har tashin kasuwa.

Na goge, na rubuta ɗiyar, yadda uwata ke faɗa, abin da malaminmu ya taɓa zane ni a kansa. 201.

Dattijon ya karɓi lambarsa, ya ɗaga ta sama ya juya da ita sau biyu don mai tarin ya gani. Sannan ya dube ni. "To wa ya aike ka? Na'ura ma ta san inda take, kai ne ba ka sani ba."

Aikin dai na samu. Amma a takardar ƙungiya an rubuta cewa injiniya ta gano matsala ta waya, ni kuma mai buga rubutu. A kara kuwa har yau ba a kirana da sunana. Bakano suke cewa, ni da ko Funtuwa ban taɓa wucewa ba.