Motar Abu Falih Ba Ta Kai Shi Najaf Ba

Abu Falih ya sayi motarsa a hannun wani Baturen kamfanin mai, shekarar da aka kifar da sarkin ƙasarmu. Baƙa ce, ƙirar Ingila, mai silinda shida, da ita Baturen yake kai iyalinsa shan iska. Abu Falih kuwa ya sa na kafa mata ƙarafan ɗaura kaya a rufi. Ni ne bakanikenta shekara talatin da 'yan kai.

Duk wanda ya mutu a unguwarmu a garin Amara, a rufin nan ake ɗaure akwatinsa zuwa Najaf, inda muke binne namu. Dangi a ciki, mamaci a sama.

"Usta Radi," yakan ce mini, "fasinjana na sama ya fi ku hankali, bai taɓa cewa na cika gudu ba."

Ya bar wannan raha ran da aka kawo gawar ɗansa Falih daga bakin daga. Shi ya ɗaure igiyar, shi ya tuƙa. Ya sa aka bar masa gurbin kabari kusa da ɗan, ya dawo ya lulluɓe motar a rumfa. Tafiya ɗaya ta rage mata, in ji shi. Kowace Juma'a sai ya kira ni mu tayar da ita. Kayan gyaranta sun ɓace a kasuwa, na koma ƙera su da hannu ina masifa.

"Haba Abu Falih, tsohuwar nan ta gaji! Kowace mota za ta kai ka."

"Ita ta san hanyar Falih. Yi mini alkawari, kai za ka tuƙa."

Na yi, kaicona.

Ya rasu a watan da gari ya rikice bayan yaƙin Kuwait. Na murza makulli, wallahi bugu ɗaya ta tashi. Amma a shingen farko sojoji suka juyo da mu. Muka binne shi amana a bayan gari, ajiya ke nan, sai hanya ta buɗe a ɗauke shi.

Hanya ta buɗe, yunwa ta shigo. Matarsa ta sayar da tayoyin, sannan batir, sannan injin. Ban ga laifinta ba, jikoki take ciyarwa. Ni kuma na yi ta cewa bari dai in haɗa wani injin, alkawari ai alkawari ne.

Shekara huɗu kafin in haƙura in nemo motar haya. Muka isa bayan gari muka tarar katafila ta baje wurin tas.

Gurbinsa a Najaf yana nan kusa da Falih. Na je na gani.