Baba Alu da Idon Kalankuwa

Da hantsi, in raɓa ta bushe, za ka same shi tsugune a bakin fadamar Birchi, yana duba furen kalankuwa ɗaya bayan ɗaya. Baba Alu ke nan, mai ɗaura amya. Tun ba a haife ni ba yake wannan aiki. Bana ya bar hawa itace, gwiwa ta ƙi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tsakiyar furen yake dubawa, wadda yake kira ido. Sabon fure idonsa ruwan ɗorawa ne, ƙudan zuma na hangowa sai su sauka. In sun kwashe abin da ke ciki, furen ya ɗauki iri, sai idon ya dushe ya koma ja-ja. Ƙudan ba sa ko kallonsa, na gaba suke wucewa. "Fure bai yaudarar baƙo," in ji Baba. "Tukunya ta ƙare, sai ya faɗa."

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, ciyawa ta ƙone ko'ina, sai fadamar nan. Jibo, wani makiyayi daga Tamawa, ya koro shanunsa, duk haƙarƙari a waje. Idon kalankuwa kuwa bai juya ba. In shanu suka tattake ta, ƙudan za su tashi su bar amya, iri kuma ba zai zuba ba don baɗi.

"Jibo, dakata mani har idon ya juya."

"Haba Baba! Saniya ta kwana da yunwa don ƙuda? Nono suke ba ka?"

"Ja'iri, wa ke zaƙaƙa maka fura?"

"Zaƙi bai tada saniyar da ta faɗi, Baba."

Baba ya juya. Ya koma gida, ya sauke harawar da ya ajiye wa awakinsa, ya kai wa Jibo duka. Mutanen Birchi sun gani. Sun kuma ga awakin nan sun rame, wasu ba su kai damina ba. Bai taɓa tada zancen ba. Da furanni suka juya, da ƙafarsa ya je ya ce wa Jibo, "Bismilla, shigo da su."

Baba Alu, dutsen haƙuri. Kai ne ka ci asarar da ba a roƙe ka ba. Zuman da aka ba masu tari a Kurfi waccan shekara daga amyarka ya fito, ba wanda ya tambayi yadda aka yi. Mun gode. Allah ya saka, ya sa a mizani.

Ku kuma masu sanda da masu lauje, kaka na tafe. Baba ba shi da sauran harawar da zai ba ku. Ku jira haka nan.