Ni da Baban Budurwata a Bakin Turmi

Shekarun baya, ina saurayi ina koyarwa a wata firamare a Daura, cocinmu kan shirya taron iyalai duk dogon hutu. A wata makaranta da ke hanyar Mai'adua ake yi, tsakiyar damina. Kowane gida ya zo da tabarmi da gidan sauro, mata su kwana a wasu azuzuwan, maza a wasu. Da safe addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki, da yamma waƙoƙi, mu Hausawa mu yi namu, Ibo su yi nasu, kowa na taya kowa da tafi.

A shekarar nan ba wa'azi kaɗai ya kai ni ba. Akwai yarinyar da nake so, 'yar wani Ibo mai shagon kayan gyaran mota, wanda ya daɗe a Daura har Hausa ta zauna a bakinsa. Ita ta yarda, mahaifiyarta ma ba ta ƙi ba. Shi ne ya kafe, wai 'yarsa can kudu za ta yi aure. In na gaishe shi, "Lafiya, Malam" kawai zai ce, ya kau da kai.

Ran Asabar fasto ya sanar cewa maza ne za su yi girki, mata su huta. Mata suka rangaɗa guɗa. Da aka zo rabon aiki, sai fasto ya haɗa ni da baban yarinyar a dakan sakwara. Har yau ina zargin da gangan ya yi.

"Ka iya daka?" in ji baban.

"Baba, ina dai ganin ana yi."

Na ɗaga taɓarya da duk ƙarfina na kirɓa. Doyar ta yi tsalle ta fice daga turmi ta faɗa taɓo, kajin maigadi suka yi caa a kanta. Matan da ke gindin darbejiya suka kwashe da dariya. Budurwar tawa ta rufe fuska da ɗankwali. Mahaifiyata kuwa murya ta ɗaga: "Jama'a ku shaida, ba ni na koya masa ba!"

Na ce shi ke nan, aure ya tafi. Sai na ga kafaɗun baban na rawa. Dariya yake yi, har sai da ya zauna a benci.

Da ya huce ya zuba wata doyar, ya jiƙa hannunsa. "A hankali ake farawa. Kai ka daka, ni in juya. Hannuna na ciki fa, Malam. Shi za ka kalla, ba 'yata ba."

Muka kama aiki, ina daka yana juyawa, gumi na karyo mini. Can, bai ɗago kai ba, ya ce, "Ita kaɗai ce 'ya mace gare ni. In na tsufa na koma gida, wa zai riƙa kawo mini ita?"

Na tsayar da taɓarya. "Ni zan kawo ta, Baba. Duk Kirsimeti."

"Ci gaba da daka, za ta huce."

Da aka raba abinci, da kansa ya ɗauki kwano ya je tabarmar mahaifina ya zauna, suka sa hannu tare. Ban ji hirarsu ba. Sai da ana naɗe tabarmi ranar tashi mahaifina ya ce mini, "Mutumin nan ya ce mu je gidansa da kaka."

Na daɗe ina ɗaukar mutumin nan mai girman kai, ashe tsoron rabuwa da 'yarsa ne ke cinsa, bai kuwa samu wurin faɗa ba sai da ya gan ni na sha kunya a gaban jama'a.

Yanzu 'ya'yanmu uku, Baba kuma tsufa ya mai da shi kudu. Kirsimeti ɗaya tak muka kasa zuwa, shekarar da matata ta haifi auta. A wannan karon shi ya hau mota ya zo mana Daura.