Saje Barau Ya Shafa wa Mota Man Ƙyalli

Wata rana bayan azahar, wata baƙar jif ta shigo garejina a Kaduna.

Na ce baƙa ne don na san kalar da kamfani ke fitar da ita. A ranar dai ta fi kama da ƙafar da ta yi kaushi. Fari-fari, dabbare-dabbare, robar gefen gilashi duk ta yi furfura. A kan bonet kuwa zane ne zagaye-zagaye, kamar an saki kaji sun yi tono.

Shekara ashirin da shida ina fentin mota. Ba makarantar da ta koya min, hannuna ne ya ƙone har ya iya. Masu bina a nan kuma sun san bakina ba shi da birki.

Tun kafin a kashe injin na ce, “Wane jakin ne ya yi wannan aikin?”

Direban ya fito. Tsoho ne dogo, rigarsa ta sha guga, takalminsa baƙi yana ƙyalli har kana iya duba haƙoranka a ciki. Ya tsaya ƙyam a gabana, hannu a gefe.

Ya ce, “Ni ne.”

Da wani ne da ya ji kunya ya yi shiru. Ni ƙarawa na yi. Na ce, Baba, da ka sani tun farko ka kai ta wajen masu yaɓen siminti, da sun fi ka tausaya mata. Makanikai biyu da ke kwance ƙarƙashin wata bas suka fashe da dariya.

Tsohon ya miƙo min wani gwangwani, ya ce in taimaka masa kafin la'asar.

Sunansa Saje Barau. Tsohon soja ne. Da ya ajiye aiki ya kama tuƙi a gidan wani Alhaji, yau shekara ashirin da uku. A ɗakunan ma'aikata na cikin gidan yake zaune da matarsa, ba su da wani wajen kwana a garin nan.

Alhajin ya tsufa, ƙafa ta ƙi, ya miƙa wa ɗansa Fa'iz ragamar gida. Da sharaɗi ɗaya: kada a taɓa Saje sai in ya yi laifin da ido zai gani.

Saje ne ya faɗa min wannan da bakinsa, yana faɗa kamar mai nuna lambar yabo.

To a safiyar nan Fa'iz ya ba shi gwangwanin, ya ce ga man ƙyalli na musamman, yana so motar Alhaji ta haskaka, za a kai shi gaisuwa da yamma.

Bai ƙara masa ko kalma ɗaya ba.

Bari in tsaya in yi wa wanda bai sani ba bayani, don kada ku yi ta dariyar tsoho alhali ku ma haka za ku yi.

Man nan ana ce masa kanuba. Daga ganyen wata bishiya ake samo shi, yana zuwa a daskare cikin gwangwani kamar man shanu a lokacin sanyi. Mai ne mai kyau, amma ba ya son rana, ba ya son yawa, ba ya son datti. Ka lafta shi a kan ƙarfe mai zafi, zai bushe ya kama kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ya taɓa baƙar roba, zai bar mata farin tabo.

Duk an rubuta wannan a jikin gwangwanin. Da Turanci, da ƙananan baƙaƙe irin waɗanda ko mai digiri sai ya sa tabarau.

Saje ya buɗe, ya shinshina, ya dangwala da yatsa.

Sai ya ga ai ya san wannan abin. Man takalmi ne, launi kawai ya bambanta.

In akwai abin da mutumin nan ya iya a duniya fiye da tuƙi, to goge takalmi ne. A bariki aka koya masa: ka lafta mai da kauri, ka ajiye takalmin a rana fata ta sha ta ƙoshi, sannan ka bi shi da buroshi da ƙarfinka. Shekara da shekaru yana yin haka ana yaba masa a fareti.

Haka ya yi wa motar.

Ya fito da ita daga rumfa zuwa tsakiyar gida. Ya kaɗe ta da tsumma kawai, don ya wanke ta jiya. Ya dinga kwasar mai da hannu yana shafawa, rufi, ƙofofi, robobi, har tambarin gaba. Gwangwanin da zai yi wa mota ashirin, ya kusa ganin ƙasansa.

Ya bar ta a ranar Kaduna awa uku, ta sha.

Da ya dawo ya sa tsumma, abu ya ƙi motsi. Ya ɗauko buroshin takalmi. Ya ɗan tashi, amma fenti ya dushe. Hankalinsa ya tashi, ya shiga wajen matarsa ya karɓo soson ƙarfe na wanke tukunya.

Da shi ya yi wa bonet wannan zanen.

Na shafa wajen da tafin hannuna. Farcena yana faɗawa cikin layukan. Na ce masa farin nan zan iya fitar da shi da inji zuwa gobe, robobi su ma a hankali. Amma bonet da ƙofar direba sun mutu, sai sabon fenti.

Ya ce, “Kafin la'asar fa?”

Na ce, Baba, ko aljanu ne ke min aiki ba zai yiwu ba.

Ya dubi motar. Ya ciro hankici ya fara goge wani waje a jikin ƙofa, a hankali, kamar zai canza wani abu.

Na tambaye shi, duk gidan nan ba wanda ya gan ka ya ce ka tsaya?

Ya ce ai Alhaji ƙarami, wato Fa'iz, yana zaune a baranda yana shan shayi tun daga farko har ƙarshe. Har ya nuna masa wajen da ya rage bai shafa ba. Da ya ce zai bar ta a rana kamar yadda ake yi wa takalmi, sai ya ce masa, “Ai kai ne soja, ka fi ni sani.”

Yana faɗa min wannan ne don ya nuna min yaron kirki ne.

Bai rufe baki ba wata farar mota ta tsaya a bakin gareji. Wani matashi ya fito, shadda tana ƙara, waya a hannu.

Na gane shi nan take.

Wannan ne wanda ya taɓa kawo min motarsa bara, ya tsaya a kaina yana min lacca, wai kada in kuskura in goge masa fenti a rana. Ya san sunan kowane mai, ya san irin tsumman da ake amfani da shi. Ranar har sai da na ce masa in ya fi ni iyawa ga injin nan.

Shi ne Fa'iz.

Bai yi sallama ba. Ya ɗaga waya ya fara zagaya motar yana ɗauka, a nutse, yana matso da ita kusa da kowane zane. Yana yi wa mahaifinsa magana a cikin bidiyon da murya mai laushi, irin ta mai ba da labarin rasuwa.

“Baba, ga motarka. Ka gani da idonka, kada a ce na ce.”

Sannan ya juya wayar kan fuskar tsohon.

Saje ya cire hula. Ya ce, “Alhaji ƙarami, ai kana zaune na shafa.”

“Ina zaune.”

“Ka ga na kai ta rana.”

“Na gani.”

“To me ya sa ba ka ce in bari ba?”

Fa'iz ya kashe wayar tukuna, sannan ya ce, “Ka tambaye ni?”

Har na ƙarƙashin bas suka daina buga sifana.

Fa'iz ya miƙa hannu. Saje ya ɗora masa makulli.

Ni fa jinina ya riga ya hau. Na ce, kai, wannan tsohon shi ya dinga kai ka makaranta kana majina, yau shi za ka haɗa wa tarko da man mota? Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta su a nan ba, akwai mata da malamai a cikin masu karantawa.

Ko a jikinsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Malam, fenti aka ce ka iya.”

Ya ɗaga hannu ya yafito wani daga cikin farar motar. Wani ƙato ya fito daga kujerar baya, cikin sabuwar rigar direbobi, an ɗinka ta daidai jikinsa.

Ku tsaya ku yi tunanin wannan.

Da safe aka ɓata motar. Tela ba ya ɗinka riga tsakanin safiya da azahar.

Fa'iz ya ce wa Saje yana da kwana uku ya kwashe kayansa, sabon direba yana da iyali. Ya faɗa ba tare da ɗaga murya ba. Ya shiga mota, ƙaton ya ja, suka bar min jif da tsoho a tsaye.

Na ɗauka zai yi kuka, ko ya yi Allah ya isa. Na ma shirya taya shi.

Sai ya ɗauki gwangwanin daga kan benci, ya juya shi a hannu, ya ce, “Ɗana, nuna min yadda ake yi.”

Na ce me zai amfane ka yanzu?

Ya ce shi dai yana so ya sani.

Akwai wata tsohuwar ƙofar mota da na gama fesawa, tana jingine a inuwa. Na wanke ta, na tsane ta. Na dangwali mai da ɗan soso mai laushi, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na shafa siriri har da kyar ake ganinsa. Muka jira ya yi hazo-hazo. Na bi shi da tsumma mai taushi, sau biyu, ba ƙarfi.

Fuskarmu ta fito a jikin ƙofar, ni da shi.

Duka bai kai minti goma ba.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Shi ke nan?”

Na ce shi ke nan.

Ya gyaɗa kai. Ya ajiye gwangwanin, ya mayar da hularsa, ya yi min godiya kamar na yi masa wani abu. Ya fita da ƙafa. Na bi shi na ce in tsayar masa da keke napep, ya ce a'a, yana so ya ɗan yi tafiya kafin ya je ya faɗa wa matarsa.

Na san abin da kuke jira. Kuna so in ce Alhaji ya gano gaskiya, ko Fa'iz ya yi hatsari ya dawo yana neman gafara. Irin labaran da kuke so ke nan.

Ba abin da ya faru.

Alhaji ya kalli bidiyon, ya ce a sallami Saje da mutunci. A rana ta uku aka ga a-kori-kura ta kwashe katifa da tukwane daga gidan. Mai gadinsu ne ya faɗa min da ya zo karɓar motar.

Eh, na gyara ta. Kada ku ɗauka ni waliyyi ne. Na fesa bonet, na fesa ƙofa, ta fita tana ƙyalli fiye da da, ƙaton nan yana ta yawo da ita a gari.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, a duk cikin waɗanda suka wulaƙanta mutumin nan a ranar, ni na fara.

Darasi:

In aka ba ka aikin da ba ka taɓa yi ba, ka buɗe baki ka ce ban iya ba, ko da shekarunka sun ninka na wanda za ka tambaya. Abin da ka ƙware a kai jiya yana iya zama shi zai kashe ka yau, don kawai sabon abu ya yi kama da shi.

Kuma in ka ga wanda ka san ya gaji da kai ya zauna yana kallon aikinka yana cewa sannu, ka fi ni sani, to ajiye abin da ke hannunka. Je ka tambayi wani a waje.

Ku kuma masu sani ku yi shiru har mutum ya faɗa rami, sannan ku ce ai bai tambaya ba, ku ci gaba. Akwai inda ba sai an tambaye ku za ku yi bayani ba.

Tura wa duk wanda ka san yana aiki a ƙarƙashin wani, musamman tsofaffin da ke jin kunyar tambaya. Wanda bai iya karatu ba, ka zauna ka karanta masa.