Wutsiyar da Ba Ta Kaɗawa

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Garba, wani masunci daga Argungu, ya kawo samfurin maniyyinsa karo na uku ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Birnin Kebbi. Shekararsa tara da aure babu haihuwa, matarsa kuwa an duba ta lafiya lau.

Da yake miƙo kwalbar, ya yi tarin nan nasa da ya ce tun yarinta yake fama da shi, sannan ya rage murya.

"Mallam, in takarda tac ce matattu na, yau zan sawwaƙe wa Hassi. Ba ni tsare ta ta tsuhwa babu ɗiya."

Na ɗiga a gilashi na leƙa na'urar ƙara girman abu: ga ƙwayoyi birjik, ko ɗaya ba ya motsi, kamar sau biyun baya. Haushi ya kama ni, na rubuta "matattu" na kai wa Hajiya Luba, shugabar sashenmu, ta sa hannu.

Ta tambaya ko na sa rini. Na ce ban sa ba. A ƙa'ida, in ƙwayoyi ba sa motsi ana ɗiga musu jan rini: matacce ya sha, mai rai ya ƙi. Ni kuwa na ɗauka ɓata lokaci ne.

"Koma," kawai ta ce.

Na koma na ɗiga rinin. Akasarinsu suka fito fari fat. Rayayyu ne, wutsiyoyinsu ne gajeru, a lanƙwashe.

Likita ya yi mana bayani, ni da Malam Garba, cewa a cikin wutsiyar akwai sinadaran da ke jigilar kayan gini daga gindi zuwa tsini, kamar kwalekwale. In suka gaza, wutsiya ba ta ginuwa. Ginin iri ɗaya ne da na ƙananan gashin da ke share majina a hanyar numfashi, shi ya sa tarin. Ya ce ba alkawari, amma akwai manyan asibitoci da ke ɗaukar ƙwaya ɗaya mai rai a saka a ƙwan mace.

Malam Garba ya dubi takardar, ya ce, "Ashe suna da rai." Ya ninke takardar, ya ce bari ya kira Hassi tana bakin ƙofa.

Tun ranar nake gaya wa sababbin ma'aikata kada su kira abu matacce don ya ƙi motsi. Ni da na yi, saura kaɗan in saki matar wani da birona.