Jinin Inna a Firigon Kawu

Shekarar da gaɓoɓin Inna suka kumbura, saƙo ya iso mu a Tamanrasset cewa yayarta na kwance a Damagaram, sai kiran sunanta take yi. Inna ta ɗaure kaya. Likita ya ce ba ta ratsa hamada sai an auna jininta, an ga yawan sinadaran da garkuwar jiki ke zubawa in akwai kumburi. In sun sauka, ta tafi.

Aka ɗebi jinin a 'yar kwalba, aka ce a kai shi labo, ɗakin gwajin jini, yanzu-yanzu, da ɗan sanyi. Kawu, ƙanen Inna, ya miƙa hannu. Shi ne mai sayar da ƙanƙara a unguwarmu, don haka duk maganar sanyi gadonsa ce, wa ya isa ya koya masa?

Ya jefa kwalbar a aljihun gaba, ya biya wurin malam a yi mata tofi. Malam ya tofa, ya ce ya hanzarta. To amma shayi na kan wuta, kuma Kawu bai taɓa juya wa shayi baya ba. Da ya tashi ya taɓa aljihu, kwalba ta yi ɗumi kamar ƙwan da kaza ta saki yanzu. Sai ya tura ta cikin firigo tsakiyar ƙanƙara, wai ta rama sanyin da ta rasa. Washegari ya narkar da ita a tafin hannu cikin taksi, ya kai labo.

Sakamako ya fito sama ƙwarai. Likita ya hana tafiya, Inna ta kwance kaya.

Da muka koma wurin likita, Kawu da bakinsa ya ba da labarin dabararsa, yana jiran yabo. Likita ya dafe kai. Ya ce jini ba ya mutuwa don an sa shi a kwalba: in ya ji zafi ƙwayoyinsa su yi ta zubo sinadaran, in ya daskare su fashe. Ashe aljihun Kawu aka auna, ba Inna ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Aka sake ɗiba, sakamako ya yi kyau. Kafin ya fito an riga an binne yayar.

Ranar zaman makoki Kawu ya kawo ruwan sanyi daga firigon nan, yana cewa haka Allah ya ƙaddara. Inna ta dubi kofin.

"Kai wa baƙi," ta ce. "Ni na randa zan sha."

Na randa take sha har yanzu.